Tsokar bayan cinya ta ja ni a wajen ƙwallo, in je wurin maɗori?

Ɗan'uwa, sannu da jiki. Ka ce kana tsakiyar gudu a filin Giginya ka ji kamar an tsinka maka abu a bayan cinya, yanzu wurin ya kumbura. Wannan ya fi kama da yagewar tsoka, ko jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Targaɗe daban ne, shi a gaɓa yake faruwa.

Yagewar tsoka tana da matakai 3: 'yar miƙewa, yagewa kaɗan, sai tsinkewa gaba ɗaya. Na farkon yakan warke cikin mako 2 zuwa 3, na ƙarshen kuwa sai an yi watanni, wani lokaci har da tiyata.

A kwana 2 zuwa 3 na farko ka huta. Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. Ɗaure da bandeji ba tamau ba, ka ɗaga ƙafar kan matashi.

Inda mutanenmu ke kuskure shi ne gashi da ruwan zafi da murza tun ranar farko. Zafi yana ƙara zubar jini a ciki, kumburin ya ƙaru. Ni ma na taɓa bari aka ja mini ƙafa, makon da ya biyo baya da sanda na yi shi. Ba ƙashi ne ya goce ba, to me za a ja? Parasitamol ya isa. In kana da gyambon ciki, ka guji ibuprofen.

In ba ka iya taka ƙafar, ko ka ga rami a tsokar, ko ƙafar ta yi sanyi tana mutuwa, ka nufi UDUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, likitan ƙashi ya duba ka.