Reshen tumfafiya a ƙofar ɗakin mai jego

Assalamu alaikum 'yata, mai sunan Inna. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa. Saƙonki ya iso. Kin ce tun ranar da kika dawo gida wanka kika tarar an soke reshen tumfafiya a saman ƙofar ɗakinki, duk wadda kika tambaya sai ta ce "haka muka tarar", maigidanki kuma ya ce camfi ne, a cire. To, gyara zama, Gwaggonki za ta faɗa miki abin da ta sani.

A birni kika tashi, don haka ina so ki fara sanin itacen kansa. Tumfafiya, wasu su ce bambambele, ba shuka ta ake yi ba, da kanta take fitowa. Takan ɗara mutum tsawo, wata har ta kai mita 4. Ganyenta faffaɗa ne mai kauri, kore mai toka-toka kamar an barbaɗa masa gari. Furenta kuwa, in kin tsaya kin duba, abin sha'awa ne: curi-curi yake fitowa, kowane ɗaya da baki 5, fari ta waje, shunayya ta ciki. Ɗanta kore ne a kumbure kamar an hura masa iska. Muna yara mukan taka shi don mu ji ya yi fus. In ya bushe sai ya tsage, 'ya'yan su tashi da farar auduga mai santsi, iska ta kai su inda ta ga dama. Ko ina kika karya a jikinta, wani farin ruwa kamar nono zai tsatso. Riƙe maganar nonon nan, zan dawo gare ta.

Inda take zama shi ya ja mata suna. Ba ta neman dausayi. Kufai take so, da bakin hanya, da bayan gari, da gefen maƙabarta, da gonar da ta gaji. Marigayi kakanki in ya ga ta yi yawa a gona yakan ce ƙasar tana roƙon taki. Ki bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi da rani, ciyawa ta ƙone ƙurmus, ita tana nan shar. A farin 1973 da na 1984, da idona na ga dabbobi suna faɗuwa, ita ko a jikinta. Shanu ba sa kula ta, awaki ma sai busasshen ganye da furen da ya faɗo. Har farar da ke cinta, mai zane rawaya-rawaya, ba mai soya ta. To, itacen da fari bai kashe ba, dabba ta guje shi, ga shi yana tsaye inda mutane suka tashi, dole mutanen dā su ce akwai wani abu tare da shi. Daga nan aka ɗauke ta maganin mayu da sammu. Mai jego da jaririnta kuwa, a ganinsu, ɗanyen jiki ne har su cika kwana 40, shi ya sa ake tsare musu ƙofa.

Amfaninta na zahiri ma ba kaɗan ba ne. Gara ba ta cika cin iccenta ba, shi ya sa ake sa shi a tsaikon ɗaki. Ɓawonta ana murza igiya da shi, mai ƙarfi kuwa. Audugar nan mun cusa matashi da ita, tsofaffi suna kama wuta da ita in sun buga ƙyastu. Maharba suna haɗa albarushi da gawayinta saboda rashin nauyinsa. Matan Fulani kuma su daka ganyen, su tace ruwan cikin madara mai ɗumi, ta daskare ta zama cuku, wanda ake kira wara a wajajen Ilori, wagashi a Benin da zangon Gana. Su sun san gwargwado, kuma ana dafa shi.

Yanzu ga ra'ayina, tunda shi kika nema. Ganye ba ya tare maye, ba ya tare ajali. Tsari na Allah ne, ki riƙe Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu ki tofa wa yaron safe da yamma. A nan maigidanki ya yi gaskiya. Sai dai tsohuwar da ta fita da sanyin asuba ta karyo reshen nan, ƙaunarki ce ta fitar da ita. Kada ki fizge shi a gabanta. Ki same ta ku biyu, ki yi mata godiya, ki ce hankalinki ya fi kwanciya da addu'a, ki roƙe ta ta cire da hannunta.

Abin da ya fi damuna ba reshen da ke ƙofa ba ne, wanda za a shigo da shi ɗaki ne. Nonon tumfafiya dafi ne. Ana ɗiga shi a kan makero, ko inda ƙaya ta karye a ƙafa, ko haƙori mai ciwo, kuma na ga inda ya ƙone fata ya bar tabo. In ya shiga ciki yana taɓa zuciya. In ya faɗa ido gani yakan dushe na kwanaki. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa saran ta, ta manta ta murza ido, kusan mako guda ana yi mata jagora. In haka ta faru, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon, a wuce asibiti nan take. Saboda haka ko wace ce ta zo miki da shi, ta ce a shafa a cibiyar yaro, ko a kan nononki, ko a jiƙa saiwar a ba ki, ki ce Gwaggo ta hana. Cibiya sai maganin da aka ba ki a asibiti. Ruwan wankanki kuma ganyen darbejiya ya ishe ki, a bar shi ya huce daidai jiki.

Ki sa ido a kan yaran gidan, kada su ɗauki reshen in ya faɗo. Ranar suna da hantsi ina tafe in Allah ya yarda, zan biya ta bayan gari in tsinko miki furen, in wanke hannuna kafin in karɓi jikana.