Iyafis mai tsada da lafiyar kunne: Likita na amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ni mutum ne mai son sauti mai kyau. Na tara kuɗi na sayi iyafis na kamfanin Shure, irin wanda ake cusawa cikin kunne ya toshe shi ruf. Mai shagon ya ce mini irin wannan ba ya lalata ji, na araha ne ke kurmantar da mutum. Gaskiya ne? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, kunne bai san nawa ka biya ba. Abu biyu kawai ya sani: ƙarfin ƙarar da ke shigarsa, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana shiga.

Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi wajen 15,000, su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su, in abin ya daɗe ta kashe su, kuma wadda ta mutu a jikin ɗan Adam ba ta sake tsirowa. Abin da ya fi damuna shi ne babu zafi, babu jini. Mutum sai ya wayi gari yana cewa mutane sun daina buɗe baki in suna magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafin a fili. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara. Babba zai iya sauraron ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako. In ta kai 90, awa 4 ne kacal a makon gaba ɗaya. In ta kai 100, minti 20. Waya da iyafis kuwa, in ka ƙure su, suna iya wuce 100 ɗin.

Mai tsadar ma yana da nasa tarkon. Na araha in ka ƙure shi sai ya fara kwarmato, kai da kanka za ka rage. Mai kyau kuwa sautinsa tas yake fita komai ƙarfinsa, babu abin da zai gargaɗe ka. Da yawansu kuma wuta kaɗan suke bukata su yi ƙara, don haka shawarar nan ta kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar waya tana iya yi maka yawa.

Amma ban ce ka yi asarar kuɗinka ba. Alherin irin naka yana nan a toshewar. In robar bakinsa ta zauna daidai, tana rage hayaniyar waje da desibel 20 ko fiye. Wanda ke cikin keke Napep ko kusa da janareta da iyafis mai sako-sako dole ya ƙara murya don ya danne hayaniya. Kai ba ka bukata. Saita ƙarar a ɗaki shiru, inda za ka ji komai ba tare da takura ba, in ka fita kada ka ƙara. Duba saitin wayarka, da yawa suna da wurin ƙayyade ƙarar iyafis. Kuma don Allah cire shi in za ka tsallaka titi ko kana kan babur, don abin da ke tare maka ƙarar janareta shi ne ke tare maka hon ɗin mota.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Da iyafis nake kwana ina sauraron karatun Alƙur'ani. Kwanan nan kunnena na dama yana ƙaiƙayi, kuma ji nake kamar an toshe shi. Ƙanwata ma takan ara. Me zan yi? (Wata 'yar'uwa daga Maraɗi)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba da ladan sauraro. Abu biyu nake zargi. Na farko dauɗar kunne. Ita ba ƙazanta ba ce, kariya ce, kuma kunne da kansa yake turo ta waje a hankali. Iyafis da ke kwana a ciki yana mayar da ita baya har ta dunƙule. Na biyu, kunnen da aka toshe dare guda yana tara zufa da ɗumi, wurin da ƙwayoyin cuta da fumfuna ke so ke nan, musamman da damina.

Ki ba kunnen hutu. Da dare ki kunna karatun a lasifikar waya, ki ajiye ta gefe. Kada ki sa tsinken ashana, gashin kaza ko auduga mai tsinke. Suna ƙara tura dauɗar ciki, suna kuma yagar fatar. Kada ki ɗiga mai ko wani magani kafin a leƙa a tabbatar dodon kunnen bai huje ba. Robar bakin iyafis ɗin ki riƙa cire ta ki wanke da ruwa da sabulu, ta bushe sarai kafin ki mayar. Ƙanwarki kuma a saya mata nata. In kin ga ruwa ko mugunya na fita, ko kina jin zafi in kin ja kunnen, ki je asibiti a ranar. In kina da ciwon suga kada ki jira ko da waɗannan alamun, don ciwon kunne ga mai suga yana iya cin ƙashi.

Tambaya: Likita, an ce iyafis marar waya mai Bluetooth yana jawo kansar ƙwaƙwalwa. (Wani magidanci daga Kumasi)

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Bluetooth igiyar rediyo ce mai rauni, ƙarfinta bai kai na wayar da kake karawa a kunne ba, kuma ba irin hasken da ke lalata ƙwayar halitta ba ne kamar na hoton ƙashi. Babu hujjar da ta tabbatar yana jawo kansa. Ƙarar za ka sa wa ido, da waya ko babu waya.

Tambaya: Likita, a situdiyo nake aiki ina haɗa sauti, wani lokaci awa goma a rana. In na tashi kunnena yana ta ƙara "tsiii" har safiya. Ina son in yi irin iyafis ɗin da ake auna kunnen mutum a ƙera masa. Zai taimaka? (Wani matashi daga Kano)

Amsa: Ƙanena, wasiƙarka ta fi taɓa ni, don kunnenka shi ne jarinka. Wannan "tsiii" ɗin kukan ƙwayoyin nan ne da na ambata a sama. Yanzu yana tafiya da safe. In ka ci gaba a haka, wata rana zai zo ya zauna.

Kafin ka kashe ko sisi kan sabon iyafis, je ka yi gwajin ji. Ana yi a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Lahanin ƙara yakan fara bayyana a siririn sauti, wajen hats 4,000 (hats shi ne ma'aunin kaifin sauti), tun mai shi bai lura ba. Mai haɗa sauti da ya rasa wannan wurin sai ya riƙa ƙara kaifi a aikinsa bai sani ba, masu sauraro su ji yana sukarsu.

Wanda ake ƙerawa yana toshewa sosai kuma ya fi daɗin zama, don haka zai taimaka in ka yi amfani da damar ka rage murya. Masanin ji ne kaɗai zai ɗauki awon: sai ya leƙa kunnen, ya sa ɗan soso ya kare dodon, sannan ya zuba silikon, wani abu mai laushi kamar roba da ke ɗaukar siffar kunnen. Kada ka yarda a yi maka a shago. Ka riƙa tsayawa minti goma duk awa. Ka kuma daina cire gefe ɗaya ka bar ɗaya, don kunne guda ba ya jin cikar sauti, sai hannu ya kai ga ƙara murya.

In kuma wata rana ka tashi jin kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ka ce dauɗa ce ka jira. Ka ga likitan kunne a ranar, domin maganin ya fi aiki a kwanakin farko.