Mota ɗaya ba ta shiga Tenere

Ka tambaye ni, yaro, ko za ka iya ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido daga Agadas zuwa hamadar Tenere da mota ɗaya, tun da mai kawo su ya ce kuɗin mota biyu ya yi masa yawa. Ba za ka iya ba, kuma ba zan ba ka makullin motata a kan wannan sharaɗi ba.

Kafin tawayen Buzaye na 2007 ya kashe mana kasuwa, wani dillali daga Yamai ya kawo mini Turawa huɗu. Muka yi ciniki a kan Timiya kaɗai, su ga magangarar ruwa da lambunan lemo da rumman, mu kwana biyu cikin duwatsun Ayar mu dawo. Da muka isa, sai ya ja ni gefe ya ce baƙin sun ƙwallafa rai a kan ganin Bishiyar Tenere, shahararriyar bishiya tilo a tsakiyar hamada, wadda tun 1973 wata babbar mota ta ture, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ya rantse zai biya ƙarin mai da ladana idan mun koma gari. Na san bai kamata ba, amma kwaɗayi ya rufe mini ido, na yarda ba tare da shaida ko takarda ba.

A rana ta biyu muka nutse cikin rairayi mai laushi da tsakar rana, lokacin da zafi ya riga ya sassauta shi. Ba wata mota da za ta ja mu, saboda haka na yi ta matsa wa injin har kuloci ya ƙone. Kwana uku muka yi a wurin muna auna ruwa da kofin shayi, sai da wata motar kaya mai zuwa daga Bilma ta tsinto mu. Da muka dawo Agadas, mutumin nan ya gaya wa baƙin cewa motata ce ruɓaɓɓiya, ya riƙe ragowar kuɗina, ya hau motar Yamai da asuba. Raƙuma biyu na sayar na biya kuɗin ja da gyara, kuma har yau idan na tuna fuskarsa lokacin da yake rantsuwa, raina yana ɓaci.

Maganar rage iskar taya da ɗaukar shebur da farantan ƙarfe, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe sitiyari ba. Ku yaran yanzu kun dogara da taswirar cikin waya, alhali ba ɗayanku da zai iya duban launin rairayi da safe ya faɗi inda zai ɗauki mota. Ka koma ka gaya wa mutumin cewa mota biyu ce, da jagora ɗan ƙasar, da izinin hukuma, kuma ya biya kuɗin mai gaba ɗaya kafin a tayar da inji. Idan ya ƙi, ka kai su Dabus da ke kan hanyar Arlit, su ga zanen raƙuman dawa a jikin dutse su dawo.