Waken GMO da lafiyar iyali: amsoshin likita

Tambaya: Likita, barka da aiki. An turo mana saƙo a WhatsApp cewa waken GMO yana hana haihuwa kuma yana kawo ciwon daji. Yarana ƙosai da alala suke ci kullum. Mu daina? (Wata uwa daga Kumo)

Amsa: Hajiya, ki ci gaba da soya musu. GMO na nufin shukar da masana suka sauya wa ƙwayar halitta. Waken da ake magana sunansa SAMPEA 20-T, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ce ta samar da shi, aka ba da izinin nomansa a 2019. An sa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt, shi ya sa yake yin wani furotin mai kashe tsutsar Maruka, wadda ke cinye furen wake ta huda kwansonsa. Furotin ɗin ba ya aiki sai ya sami wurin maƙalewa a hanjin tsutsar. Hanjin ɗan Adam ba shi da wannan wurin, cikinmu narkar da shi yake yi kamar sauran abinci. Tun 1996 ake noma irin waɗannan amfanin gona a Amurka, kuma babban nazarin da majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar a 2016 bai gano sun ƙara ciwon daji ba. Batun haihuwa kuwa, ina roƙon ma'auratan da ke nema su zo a duba su, mijin da matar, kada su ɗora wa wake laifi lokaci yana wucewa.

Tambaya: Manyan tumatir ɗin Kwadon da kankana marar ƙwallo, su ma GMO ne? (Wani ɗan kasuwa daga Gombe)

Amsa: A'a, Alhaji. Ingantaccen iri ne da aka samu ta hanyar barbara, ga taki ga ban ruwa. A cikin amfanin gona na GMO, auduga, wake da masara ne NBMA, hukumar gwamnati mai sa ido kan GMO, ta yarda a noma don sayarwa.

Tambaya: Ina noma wake a Dukku. Duk ranar feshi sai kaina ya yi ciwo, yawu ya yi ta zuba, idona ya dushe. An ce sabon iri ba ya son feshi. (Wani manomi)

Amsa: Malam, taka ce ta fi damuna. Alamomin guba ne ka lissafa, maganin yana shiga ta fata da numfashi ya taɓa jijiyoyi. Ka rufe hanci da baki, ka sa doguwar riga da safar hannu da takalmi, kada ka yi feshi kana fuskantar iska, kada ka ci goro sai ka yi wanka da sabulu. In numfashi ya yi wuya ko jiki ya fara karkarwa, a kai ka asibiti nan take tare da robar maganin. Madara da manja da ake ɗura wa mutum ba sa karya wannan gubar, kuma kada a sa shi amai.

Sabon irin yana rage feshi, amma bai ɗauke shi gaba ɗaya ba. Masu binciken sun ce ana saukowa daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu, domin akwai sauran ƙwarin da furotin ɗin ba ya kashewa. A wajena wannan ragin shi ne babban amfaninsa ga lafiya. Kana iya ajiye irinsa ka sake shukawa. Masarar GMO mai suna TELA da aka fitar a 2024 ce matagwaɗin iri, wato iri mai aure, ita sai an sayi sabo kowace damina in ana son yabanya mai kyau.

Tambaya: To, me za mu kiyaye in mun je Tudun Hatsi sayayya? (Wata amarya daga Bajoga)

Amsa: Amarya, ki yi aiki da hancinki da idonki. Wasu suna zuba fiya-fiya ko Sniper a buhun wake don ƙwari, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 ke nan. In kin ji warin magani, ki bar shi komai arharsa. Masara ko gyaɗa mai fumfuna kuwa tana iya ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ki tsince ki zubar, kada ki ba kaji.

Ina goyon bayan masu cewa a riƙa rubuta GMO a jikin buhu, haƙƙin mai saye ne ya san abin da yake saye. In za ki ajiye wake ya kai bazara, ki shanya shi ya bushe ƙayau, ki zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko a jarka mai murfi, ki cika ta ki ɗaure gam. Rashin iska ne zai kashe ƙwarin, ba sai kin sa magani ba.