Ƙwayar cuta ba ta koyon jure magani

Malam, ka tambaya yadda ƙwayar cuta ke gane an ba ta magani har ta sauya kanta don ta tsira. Ai ba ta gane komai, kuma a ganina nan ne aka fi kuskuren fahimtar bayanin yadda halittu ke sauyawa da masanin halittu Charles Darwin ya fitar a 1859.

Bambancin da ke tsakanin ƙwayoyin yana nan tun kafin zuwan maganin. Bakteriya, wato wani nau'in ƙwayar cuta, na hayayyafa da sauri, wata cikin minti 20 ta rabu biyu, kuma wajen kwafar ƙwayoyin gado akan samu ɗan kuskure jefi-jefi. Yawanci kuskuren ba ya tsinana komai, wani ma illa yake yi. Amma cikin miliyoyi sai a dace da ɗaya wadda nata kuskuren ya sa magani ba ya kama ta. Da an sha maganin sauran su mutu, fili ya zama nata, zuriyarta ta gaji juriyar. Aikin rariya maganin ya yi, tacewa kawai.

An ga irin haka a Ingila. Da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa a yankin Manchester, tsuntsaye suka riƙa tsince fararen wani malam-buɗe-littafi mai yawon dare saboda sun fi fitowa fili a jikin itatuwan, baƙaƙen suka yawaita. Bayan an tsaftace iska, fararen suka dawo.

Abin da ke damuna shi ne, tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano maganin kashe bakteriya mai suna fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai haifar da ƙwayoyin da ba sa jin sa.