Famfon fetur na tsohuwar Marsandi: kar ka sauke shi tukuna

"Oga, wannan 280 SL da aka jawo mana daga Tudun Wada ba kafireta ba kwamfuta, famfonta kuma sak na motar gas, alhali fetur take sha. Yaya yake gane yawan man da zai ba inji? Kuma tunda baƙin hayaƙi take yi, in sauke shi?"

Ajiye sifanar nan, ɗana, jawo benci.

Kamar da ka gani gaskiya ce, Bosch ne ya ƙera duka biyun, amma kama da wane ba ta wane. Injin gas yana zuƙar iska iya son ransa, yawan mai kaɗai ake ragewa ko a ƙara. Injin fetur kuwa sai an haɗa masa daidai, wajen kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Shi famfon nan ba ya auna iskar da ke shiga. Kintace yake yi, daga inda totur yake da kuma gudun inji. In aka ba shi labarin ƙarya, zai zuba mai a kan ƙarya, alhali lafiyarsa ƙalau.

A cikinsa akwai ƙaramin kamshaf da ke juyawa rabin gudun inji, yana ɗaga fulanja shida, wato 'yan sandunan ƙarfe masu tura mai, kowace silinda da tata. Tashin fulanja kullum ɗaya ne, ko a silo, wato inji na juyawa ba a taka totur ba, ko a guje. Dabarar tana jikinta: an yi mata tsagi a karkace, bututun da take ciki kuma yana da rami a gefe inda fetur ke shigowa. Da kanta ya rufe ramin, fetur ya matsu, ya ture bawul ɗin sama, ya bi fayif zuwa nozul, bakin da ke fesa mai. Da bakin tsagin ya iso ramin, sai matsin ya zube, feshi ya tsaya. Ka ga ke nan in ka ɗan murza fulanjar, tsagin zai iso da wuri ko ya makara, mai ya ragu ko ya ƙaru. Sanda mai haƙora, wadda muke kira rak, ita ke murza duka shidan lokaci guda.

To wa ke tura rak? A bayan famfo akwai wani curin ƙarfe mai tudu da kwari, kamar dankalin da bai yi siffa ba. Ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa in inji ya ɗau gudu suna motsa shi ta fuska ɗaya, sandar totur tana motsa shi ta ɗaya fuskar. Wata 'yar taya tana bin bayansa, duk inda ta hau ko ta gangara sai rak ya bi. Curin nan shi ne kwamfutar motar, an sassaƙa shi don wannan injin kaɗai. Shi ya sa famfon wata Marsandi zai iya zama daram a mazauninsa amma motar ta ƙi lafiya.

Sauran masu gyara masa lissafi biyu ne. Akwai gwangwanin da ke jin nauyin iska, yana rage mai in an hau tudu. Zariya ta haura mita 600 daga teku, motar da ta taso daga Legas da kanta za ta rage. Ba ruwanka da shi. Sai tamostat da ruwan lagireto ke ɗumamawa, mai ƙara fetur da iska in inji na da sanyi.

Yanzu ga hayaƙinka. Fara da wuta: filogi, taimin, gibin bawul, ƙarfin matsin kowace silinda. Injin da ba ya ƙone mai sosai dole ya yi hayaƙi. Buɗe filtar iska, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta shaƙe ta.

Daga nan famfon lantarki na kusa da tanki. Ya kamata ya ba da lita ɗaya cikin daƙiƙa 15, a matsi wajen bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin matsi). Auna a fayif ɗin da ke mayar da mai tanki, ka tabbata shi ma bai toshe ba, don zagayen nan ne ke sanyaya babban famfo. In ya tsaya, fetur ya yi tururi a zafin bazara, mota ta ƙi tashi bayan an kashe ta.

Wanda na fi zargi shi ne tamostat. Bar inji ya yi zafi sosai, cire 'yar filtar iskar da ke jikinsa, ka sa yatsa a bakin. In har yanzu yana zuƙa, bai rufe ba, famfo yana zaton asubar sanyi ce yana ta ƙara mai. Sau da yawa ma ba shi ne ya mutu ba, tsatsa ce ta toshe siririn tiyon ruwan da ke zuwa gare shi. Taɓa tiyon, in da sanyi ka samo ɓarawonka. Duba kuma bawul ɗin da ke fesa mai lokacin tayarwa, yana iya ɗiga ba a sani ba.

Sai sandunan totur. A silo, hannun famfo ya zauna kan matsayarsa, faifan iska a rufe, kuma su tashi tare da an taɓa feda. In ƙwallayen mahaɗa sun ci, ko wani ya tsawaita sanda don ya ɗaga silo, famfo zai riga iska tashi. Nan ne yawancin motocin nan suke lalacewa a hannun masu gyara.

Nozul kuwa ciro su ka ɗora a famfon gwaji na hannu. Su buɗe tsakanin bar 15 da 18, feshin ya fito kamar hazo, in ka saki kar ya ɗiga. Da man gwaji za ka yi, kada ka kuskura da fetur, kuma kar ka sa hannu a gaban feshin, yana huda fata. Lambobin nan na Bosch ne. Famfon Kugelfischer na Peugeot 404 da 504 masu injekshan da BMW 2002 tii nisan tafiyar fulanja yake canzawa, nozul ɗinsa kuma sai ya haura bar 30. Da wuya ka gamu da shi, don 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 galibi kafireta gare su.

Zaro sandar baƙin mai ka shinshina. Fetur ba ya da santsi irin na gas, don haka ake tura wa fulanja baƙin mai daga inji ya zama shinge. In ka ji warin fetur ko man ya ƙaru, canza shi kafin ka sake tayarwa, in ba haka ba metal, wato boris ɗin cikin inji, zai tafi. Tsohuwar cuta ce: 300 SL ta 1954, wadda ke fesawa kai tsaye cikin silinda, duk kilomita 1,600 ake so a canza mata mai saboda haka.

In duk waɗannan sun fita, sai rak. Cire murfin da ke goshin famfo ka tura shi a hankali, ya tafi sumul ya dawo da kansa. Motar da ta daɗe a ajiye, ko ta sha man 'yan bumburutu mai ruwa, fulanjarta kan kafe. Jiƙa ta za ka yi ka jira, ban da duka, domin fulanja da bututunta tare aka goge su, ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. Sukurun silo na bayan famfo kuma sai inji na kashe ake taɓa shi, ƙyas ɗaya a lokaci guda, kana rubuta ko nawa ka juya da kuma ta wane gefe. Sukurorin da ke cikin famfo kuwa aikin bencin gwaji ne.

Tashi ka tayar da ita ta yi zafi, ka zo mu sa yatsa a tamostat ɗin.