Amsa ga Hajiya kan yaron da ya ƙi ajin kimiyya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ɗanki ya ƙi zaɓar ajin kimiyya, wai masana kimiyya duk masu taɓin hankali ne, kina tambaya ko fina-finai ne suka cusa masa haka. Na daɗe ina koyar da kimiyya a sakandare a nan Zariya, kuma tabbas da hannunsu a ciki.

Duk lokacin da na ce wa 'yan aji su zana min masanin kimiyya, kusan mutum ɗaya suke kawowa: tsohon Bature, gashi a hargitse, farar riga, kwalba na hayaƙi a hannunsa. Da wuya ki ga an zana mace. Daga katun da fina-finan Amurka suka ɗauko shi, inda mutum zai kulle kansa a ɗaki shi kaɗai, kafin gari ya waye ya haɗa abin da zai tashi duniya. Fina-finanmu na Hausa kuwa ba su ma san da zamansa ba. Iyakarsu likita ya fito daga ɗakin tiyata, ya cire tabarau, ya ce sai haƙuri. Boka ya fi shi samun fitowa nesa ba kusa ba.

Amma ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne gaggawa. Fim ya saba wa yara da ganin sakamako nan take. Sai ki ba yaro aikin ɗiga sinadari ɗigo-ɗigo har launin ruwan ya sauya, ki ce ya rubuta ya sake maimaitawa, ya fara hamma yana tambaya yaushe abin zai fashe. Alhali maimaitawar nan ita ce aikin.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya cin sa, a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru aka yi aikinsa, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranta. Kusan shekara goma ana gwaji a gona, damina bayan damina, kafin a sake shi ga manoma a 2019. Mutane ne cikin rana da taɓo, suna ƙirga kwanso suna cike takarda. Wa zai saka kuɗinsa ya yi fim a kan wannan? Kazar Shika Brown ma da ake kiwo don ƙwai, a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika aka samar da ita, amma ba mai ganin ƙwai a faranti ya tuna da masani.

Haka idan na gaya wa ɗalibai akwai na'urar nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) tun 2004, sai ido ya raina fata, don fim ya koya musu nukiliya bam ce. Ƙarfinta kilowat 34 ne kacal, kwatankwacin dutsen guga talatin da 'yan kai, kuma ana amfani da ita ne wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa, duwatsu da abinci.

Kada ki hana shi kallo, Hajiya, hani ƙara masa kwaɗayi zai yi. Ki roƙi makarantarsu ta rubuta takardar neman ziyara zuwa Samaru, kuma su daidaita ta da tsakiyar damina, lokacin da gonakin gwaji ke cike da masu aiki.